Hoton da Na Ɗauka a Ƙofar Asibiti

Ni ba ɗan boko ba ne. Aji bakwai na gama na shiga kasuwa, kasuwa kuma ta kai ni Dubai, inda na shafe shekaru ina haɗa wa mutanenmu kago, wato kayan da suke aikawa gida, a wani ɗan ofis a Al Buteen, kusa da bakin ruwa. Amma siyasar gida ba ta taɓa sakina ba. Ina cikin waɗanda suka kafa wata ƙaramar jam'iyya a jiharmu, kuma albarkacin furfura aka ba ni kujera a kwamitin dattawa. Daga nesa nake sa baki, ta guruf ɗin da muke da shi a waya.

Bayan zaɓe, jam'iyyar gwamna ba ta samu rinjayen da take so a majalisar jiha ba, sai ta nemi 'yan kujerunmu. Aka yi yarjejeniya muka shiga gwamnati: kwamishina ɗaya, da alkawarin za a riƙa shawara da mu. Ba a cika shekara biyu ba muka gane inda aka ajiye mu. Kwamishinanmu a rediyo yake jin labarin ma'aikatarsa. Aka naɗa kantomomi a ƙananan hukumomi, ko ɗaya babu namu. Sai magana ta tashi: mu fice mu zama 'yan adawa, ko mu zauna?

Ni ina ɓangaren ficewa. Wanda ya fi kowa dagewa a zauna kuwa shi ne sakataren jam'iyya, aminina tun muna samari, wanda ya karɓar mini auren uwar 'ya'yana. Tsohon shugaban makarantar firamare ne, shi ya sa kowa Hedimasta yake ce masa. Kusan kullum sai mun yi musu a waya.

"Alhaji, adawa ba ihu ba ce kawai," in ji shi. "In mun fita, wa zai ga takardar kasafi kafin ta je majalisa? Makarantun mazaɓarmu da aka fara yi wa rufi, wa zai tsaya a ƙarasa?"

"Zama da maɗaukin kanwa, Hedimasta. Ranar da talaka zai yi wa gwamnatin nan hisabi, ba zai ware mu ba."

"Kai da kake shan sanyin na'ura a Dubai, kai za ka gaya mini abin da talaka zai yi?"

Sai mu yi dariya, mu koma tambayar iyali.

Saura mako biyu kwamiti ya yanke hukunci, maƙwabcin ofishina, wani ɗan Nijar mai sayar da yadi, ya leƙo da kofin shayinsa.

"Alhaji, ashe baƙo ka yi ba ka faɗa ba? Shekaranjiya na ga malamin nan naka, Hedimasta, yana fitowa daga masallaci."

Na ce masa ƙila kama ce. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Duk ɗan garinmu da ya sauka a Dubai, ofishina yake fara zuwa ya sha shayi, kafin ma ya ga masaukinsa. Balle shi. Kuma mu duka mun san abin da ake nufi idan ɗan siyasar gida ya shigo Dubai shiru. Abin da ba a iya ƙullawa a gaban jama'a, nan ake zuwa a ƙulla.

Sai a rana ta uku ya zo. Ya ce wajen 'yarsa ya sauka, wadda take aikin haɗa magunguna a nan. Muka rungumi juna, hancina ya ɗauki ƙamshin turaren itace mai tsada.

"Wannan turaren ba na ɗan fansho ba ne," na ce.

"'Yarka ce ta saya mini. Kai da kake zaune a bakin kasuwar turare, ko kwalba ɗaya ka taɓa aiko mini? Marowaci."

Na yi dariya, amma idona na kansa. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya kife ta a kan tebur. Na ce gobe bayan la'asar mu tsallaka ruwa a kwalekwale mu ci kifi. Ya ce yana da inda za shi. Bai faɗi wurin ba, ni kuma ban tambaya ba, domin na riga na yi zato.

Ga abin da na sani a lokacin, kuma shi ne abin da ya fi yi mini nauyin rubutawa. Mai ba gwamna shawara kan siyasa yana gari, ya kawo mahaifiyarsa asibiti. Tsohuwar 'yar unguwarmu ce. Muna samari waina take toyawa a ƙofar gidanta, ni da Hedimasta mun ci ta da kuɗi mun ci ta kyauta. Na yi kwanaki da jin tana kwance, na ƙi zuwa dubiya don kada a gan ni da mutumin gwamna.

Washegari na ɗauki tasi na je na tsaya a inuwar wani gini da ke fuskantar asibitin. Zafi kamar a bakin tanda. Can sai ga Hedimasta da mai ba gwamna shawara sun fito su biyu. A wajenmu rakiya magana ce. Babban mutum yakan raka baƙo zuwa ƙofar ɗaki, in ya girmama shi sosai ya kai shi bakin lif. Wannan kuwa ya sauko har ƙasa, ya fito cikin rana, yana riƙe da hannun Hedimasta har bakin mota, suka tsaya kai da kai suna magana ƙasa-ƙasa. Na ce a raina, khalas, an gama da mu. Na zaro waya.

Asibitocin nan, wanda bai sani ba zai rantse otal ne: ƙofar gilashi, tukwanen furanni, mai gadi da kwat. Allon da ke ɗauke da sunan asibitin yana can sama da ƙofar. Na sunkuyar da wayar kaɗan har allon ya fita daga hoton. Na tura a guruf, na rubuta: "Ga sakatarenmu a Dubai." Ban ƙara ko harafi ba. Na daɗe ina lallashin kaina da cewa ai ban yi ƙarya ba.

Kafin magariba guruf ya kama da wuta. Wani ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wani ya tambayi sunan otal ɗin. Na ga tambayar, na ƙi in ce asibiti ne.

Hedimasta ya kira ni.

"Alhaji, kai ka ɗauki hoton nan?"

"Ni ne."

"Ka san wadda ke kwance a saman benen nan."

"Na sani. Amma rakiya har bakin mota fa? Me kuka tattauna?"

"Ita ta ce ɗanta ya raka ni. Ta ma tambaye ka, ta ce ina mai cin waina ba ya ƙoshi. Shi kuma cewa ya yi likitoci sun sare, tsohuwa tana so a mayar da ita gida ta cika a ɗakinta, bai san yadda ake sa mai jinya irin wannan a jirgi ba. Na ce masa bari in tambayi Alhaji, shi ya san harkar jirgi."

Duk da haka na ce, "To me ya hana ka gaya mini za ka?"

"Don na san abin da za ka ce. Ga shi kuwa ka faɗa, a gaban duniya."

Ya yi bayani a guruf, ba wanda ya saurare shi. Kalma ɗaya daga gare ni da ta wanke shi, na riƙe ta. Kwamiti ya zauna, aka yanke mu fice daga gwamnati, aka dakatar da Hedimasta bisa zargin zagon ƙasa, aka cire shi daga guruf. Tsohuwar ta rasu a watan. Ko gaisuwa ban aika ba.

Ko ficewar daidai ce? Har yau ban iya yankewa ba. Mun samu bakin magana, muna faɗar gaskiya a rediyo ba tare da duba fuskar kowa ba, kuma jama'a sun daina haɗa mu da laifin gwamna. Makarantun da Hedimasta yake magana kuwa damina biyu suka yi a buɗe. Kuma ba zan ɓoye ba, har yanzu wani lokaci zuciya takan raya mini: duk tsayuwar nan a bakin mota, maganar tsohuwa ce kawai? Wannan ban sani ba. Abin da na sani shi ne na ga allon, na kuma sunkuyar da waya.

Shekara biyu ba mu yi magana ba. Gab da korona ta rufe hanyoyi aka yi mini aiki a gwiwa, kuma ɗana, da bai san komai ba, asibitin nan ya zaɓa. Rana ta biyu da hantsi sai ga 'yar Hedimasta da fulas ɗin kunun gyaɗa. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba, ya jiki? Babana ya ce in zo in duba ka a madadinsa."

"Ya ce wani abu?"

Ta sunkuyar da kai tana danne murmushi. "Ya ce ranar da aka sallame ka, ka tsaya a ƙofa a ɗauke ka hoto. Amma wai a ɗaga wayar sama shwaiya, ɗan kaɗan."

Haka aka yi. Ranar sallama na tsaya a ƙofar ina dogara sanda, ta ɗauka, allon ya fito ɓaro-ɓaro a saman kaina. Na haɗa shi da tsohon hoton na tura a guruf, na rubuta duk abin da ya faru, har da tsayuwata a inuwar gini. Na ce a mayar wa Hedimasta kujerarsa, in ana neman wanda za a dakatar ga ni.

Da la'asar wani daga cikin shugabannin matasa ya rubuto: "Baba Alhaji, kai ma sun iso gare ka ke nan?" Wasu suka bi shi da dariya. Maganar kujera ba wanda ya ɗauko ta. Ban ji haushinsu ba, ni na koya musu irin wannan karatun.

Na tura wa Hedimasta hotunan da rubutun kai tsaye. Washegari ya aiko da saƙon murya gajere: "Na gani, Alhaji. Allah ya ƙara sauƙi. Ka rame."

Ban san adadin da na saurari saƙon nan ba, ina laluben yafiya a cikin muryar. Wata rana in ji ta, wata rana in rasa. Na gaya wa ɗana, ranar da jirage suka koma tashi zuwa gida, daga filin jirgi zauren Hedimasta za a fara kai ni, kafin in ga ƙofar gidana.