Ruwan Auta

Auta ce ta bakwai a gidan wani tela, kuma ita kaɗai ta karanta injiniyanci. Shekara biyu takardar digirinta na ƙasan akwati kafin hukumar ruwa ta ɗauke ta aiki. Ranar farko tsohon makanikin wurin ya dubi hannunta ya ce, "'Yata, anya wannan zai riƙe sifana?"

Murmushi kawai ta yi. Sati uku tana bin wayoyin wani injin turo ruwa da kowa ya fid da rai da shi, har ya tashi.

Da ruwa ya iso unguwarsu, mahaifiyarta ta tsaya bakin famfo tana ce wa maƙwabta, "Ku ɗiba ku ƙara, aikin Autata ne."