Kwanon Gwaggo Mastura

Gwaggo Mastura mai tuyar waina a unguwar Waziriyya ta yi ƙuruciyarta a Malakal da ke kudancin Sudan, kafin aure ya kawo ta Jidda. Ranar da Sudan ta rabu biyu, ta rantse ba za ta ƙara ambaton Kudu ba. "Gida ɗaya a raba tukunya? Su je, halas, an gama!" Har maƙwabcinta Deng, mutumin Kudu mai gyaran firji, da kyar take amsa gaisuwarsa.

Shekarar da 'yan wasan sabuwar ƙasar suka fara zuwa Olamfik, 'yarta Sajida ta kunna talabijin ana nuna bikin buɗe gasar. Manyan ƙasashe suna ta wucewa ayari ayari, sai ga wasu dogayen matasa 'yan tsiraru a bayan tutar Sudan ta Kudu, suna ɗaga hannu. Gwaggo ta zuba musu ido, can sai ta rangaɗa guɗa.

Sajida ta ce, "Inna, ba kin ce halas ba?"

"Rufe min baki. Ba ki ga ba su da mai yi musu guɗa ba?"

A danginsu, in ɗa ya ware ya kafa nasa gidan, uwa ce ke aika kwanon farko, ko da fushi aka rabu. Washegari ta cika kwano da waina, ta kai wa Deng da kanta.

Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na mene ne, Hajiya?"

"Na sabon gida ne. Ya daɗe a hanya, amma da zafinsa."