Manhajar da Ba Ta Iya Gaisuwa Ba

Har gobe ba zan manta da ranar kasuwar Tsanyawa da na je neman kuskuren manhaja a rumfar masu hatsi ba. Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabo ce, taki kuma ya gagari talaka. Lokacin ina ƙaramin mai rubuta manhaja a wata ƙungiyar taimaka wa manoma. Aikin mai sauƙin faɗa ne: idan malaman gona suka ga tsutsa ta ɓulla a masara, kwamfuta ta kira manoman yankin ɗaya bayan ɗaya, muryar da aka naɗa ta gaya musu abin yi.

Matsalar ita ce ana ɗagawa sai a kashe. Na bi layukan manhajar kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ban ga komai ba. Shugabar sashenmu, Hajiya Rabi, ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ta ce, "Sani, masu ɗaukar nauyinmu sun ce in damina ta wuce ba mai saurare, a rufe aikin." Ga ni da iyali, kuma a irin wannan shekara wa zai ɗauke ka?

Na hau bas zuwa Tsanyawa. A kasuwa aka haɗa ni da Malam Audu, wani dattijo daga cikin manoman da muke kira. Muka gaisa sosai, har da tambayar ruwa da gajiya. Sannan na roƙe shi in sa kwamfutar ta kira shi a gabana. Waya ta yi ƙara, ya kara a kunne ya yi sallama. Bai rufe baki ba muryar ta fara zuba: "Sanarwa ga manoma!" Ya dubi wayar, ya kashe, ya mayar aljihu.

Na ce, "Baba, me ya faru?"

Ya ce, "Ɗana, wanda bai amsa min sallama ba, bai tambayi kwanan iyalina ba, shi zai gaya min lafiyar gonata? Ai ko ɗan damfara da gaisuwa yake farawa."

Na yi dariya har da ƙwalla. An taƙaita saƙon ne don kada a ɓata wa mutane lokaci, ashe rashin kunya ake ta aika musu gida-gida.

Da na koma Kano muka sake naɗar muryar, da sallama da gaisuwa cikakkiya. Wahalar tana wajen jira. Sai da na koya wa manhajar ta yi tambaya ta yi shiru, ta saurara har mutum ya gama amsawa, kana ta ci gaba. Hajiya Rabi ta ce, "Yanzu kwamfuta za ka koya wa ladabi?" Na ce, "Hajiya, da alama shi ya rage mata." Ta girgiza kai, ta ce a gwada.

Kafin masara ta fitar da goyo, mutane sun fara sauraren saƙon har ƙarshe. Ba a rufe aikin ba. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Da kaka na sake bi ta Tsanyawa. Malam Audu ya tare ni da ɗaurin masara biyu, ya ce ɗaya nawa, ɗaya na mai kiran.

Na ce, "Baba, na'ura ce fa."

Ya ce, "Na sani mana, ba yau aka haife ni ba. Ka kai wa wanda ya yi mata tarbiyya."

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin shiga wannan aiki namu: manhaja baƙuwa ce kuke aikawa gidajen mutane. Kafin ku tambaya ko tana aiki, ku je ku ga yadda take shiga zaure.