Ermelinda Furtado da Ɗamarar da Ta Ajiye

Haihuwa

An haifi Ermelinda Furtado, wadda aka fi sani da Nha Linda, a shekarar 1941 a garin Calheta da ke tsibirin Santiago. Mahaifinta Anastácio masunci ne, mahaifiyarta Gregória kuwa zabiyar batuku ce, wato rawar da mata ke zama a da'ira suna dukan ƙunshin tsumma a tsakanin cinyoyinsu, ɗaya na rawa a tsakiya da ɗamara a ƙugu. Bisa al'ada, idan mai rawa ta gaji sai ta kwance ɗamarar ta ɗaura wa wadda ta zaɓa, kuma ba a ƙi.

Karatu

Shekara biyu kacal ta yi a makarantar coci, domin limamin ya kama ta tana koya wa 'yan ajinsu juya ƙugu, ya umarce ta da ta zaɓi ɗaya tsakanin ilimi da rawa. Ba ta ɓata masa lokaci ba.

Aure da Hijira

A shekarar 1963 ta auri Olívio Borges, ma'aikacin jirgin ruwa, a 1972 kuma ta bi shi birnin Rotterdam, inda ta kama aikin sharar ofisoshi. Da kewar gida ta ishe ta, sai ta fara tara mata kowace Lahadi a wani ɗaki a unguwar Delfshaven, a cusa tsummoki a leda a yi ta duka, tukunyar kacupa, dafaffiyar masara da wake irin ta gida, na kan wuta. Har matan tsibiran arewacin ƙasarsu, masu cewa batuku rawar ƙauyawa ce, abinci ya kawo su, kiɗa ya hana su tafiya. A wannan ɗaki ake samar wa baƙuwa aiki, a nan ake sulhunta ma'aurata.

Al'amarin 1991

Babban burinta shi ne da'irar ta sami magajiya. A bikin Kirsimetin 1991 ta ɗaura wa autarta Zulmira ɗamarar, yarinyar na da shekara goma sha shida.

"Haba Mama, ki rufa mini asiri, ƙawayena na kallo!" in ji Zulmira, ta kwance ta yar.

Nha Linda ta ɗauka ta kakkaɓe, ta ce, "Taki ce dai. Zan ajiye miki."

Abin ya yi mata ciwo matuƙa, kuma daga ranar ba ta sake shiga tsakiya ba, domin ɗamarar ta riga ta sami mai ita. Idan ƙawayenta suka tsokane ta da cewa ƙugun ne ya yi tsatsa, amsarta ɗaya ce: "Ba ni ce a layi ba." Sannu a hankali tsufa da mutuwa suka rage da'irar zuwa mata ƙalilan.

Rasuwa

Ta rasu a watan Maris na 2019, aka binne ta a Rotterdam kusa da kabarin mijinta. Ranar addu'ar bakwai tsofaffin suka zauna suna dukan tsumma, tsakiya babu kowa, sai ga Zulmira da ɗamarar a hannu, ta rasa yadda ake ɗaura ta.

"Ƙasa-ƙasa, 'yar nan, ba bel ɗin mota ba ne," in ji wata tsohuwa, tana share hawaye.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Adérito, direban taragu, Celestino, malamin makaranta, da Zulmira, ma'aikaciyar jinya, wadda ba a samunta ranar Lahadi sai a Delfshaven.