Gayyar Da Na Kai Wa Mai Ganga

A shekarar da rigar 'yan ƙwallonmu ta yi tashe, har muna ɗaure ta dila-dila zuwa Kano, na fara ganin kiɗan da ba a yi wa kowa. Lokacin ina ɗaurin kaya a wani siton kargo a unguwar Port Saeed, can ƙasar Larabawa. Direban motar ɗaga kayanmu ɗan Filifin ne, mutumin kirki. Ashe duk yammacin Juma'a ganga yake kaɗawa, shi da abokansa uku masu jita, a wani ɗan shagon kofi a unguwar Deira.

Wata rana na same shi ya yi tagumi. Ya ce mai shagon ya ba su wa'adi: in ba su cika wurin a wannan Juma'ar ba, zai ba wasu makaɗan ranar. Na ce ya kwantar da hankalinsa, mu a wurinmu ba a barin makaɗi ya ji kunya. Na bi ɗakunan mutanenmu a unguwar Al Muraqqabat ina gayya, har da Alhajin da muke ɗaure wa atamfa.

"Sun iya kiɗan kuwa?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, sai ka gani." Ni ma ban taɓa jinsu ba.

Bayan magariba muka isa, kowa ya sha shadda da turare, muka biya kuɗin shiga a bakin ƙofa. Wurin bai fi rumfar mai shayi biyu ba, an shafe bangon da baƙin fenti, babu kujera ko ɗaya. Matasan da muka tarar duk wandonsu a yage a gwiwa. Na tausaya musu, sai daga baya na ji cewa a yage ake sayar da shi, kuma ya fi lafiyayye tsada.

Wasu makaɗa ne suka fara. Mawaƙinsu ya kafa wa takalminsa ido kamar ya taka wani abu, yana nishi a lasifika. Masu kallo ba rawa ba guɗa, sai gyaɗa kai irin na ƙadangaru. Wani cikinmu ya raɗa mini, "Malam, rasuwa aka yi musu?"

Mutanena suka jingina da bango, aka fito da filas na shayi da kilishi. Mai shagon yana kallonmu daga bayan kanta. Mutum ɗaya ne ya je ya tambayi kuɗin kofi, da ya ji sai ya ce Allah ya ba da kasuwa, ya dawo.

Sai ga abokina da mutanensa. Gaskiya ya iya, gangar har cikin ƙirji take duka. Mawaƙinsu, wani siriri mai gashi har kafaɗa, ya runtse ido yana kukan budurwar da ta guje shi. Kiɗa ya ratsa Alhaji. Ya saɓa babbar riga, ya keta taro, ya hau dandamali, ya fara yi wa yaron liƙi a goshi. Da yake akwai gumi, kuɗin suka zauna daram. Alhaji ya sunkuya wajen kunnen yaron yana faɗa masa sunan nasa mahaifin da na unguwarsu, don a sa a waƙa.

Yaron ya buɗe ido ya ga ƙaton mutum a kansa. Ya ja da baya, ƙafarsa ta harɗe da waya, ya faɗa kan gangunan abokina. Lasifika ta ƙwala ihu. Mai gadin shagon ya cakumi Alhaji ta wuyan riga yana cewa, "Khalas, khalas!" wato ya isa haka. Mu kuwa ba a taɓa mana Alhaji muna tsaye. Aka yi cirko-cirko, filas ya kife.

Da mawaƙin ya miƙe, sai ya sanar cikin fushi cewa waƙarsu ba ta sayarwa ba ce. Aka fassara wa Alhaji.

"To uban me aka karɓa a bakin ƙofa?" in ji shi. Ya juyo kaina. "Kai kuma, waɗannan ne makaɗan? Mutum ya yi minti goma yana kuka bai ambaci ko kakansa ba?"

Ranar Lahadi na tarar da abokina a sito. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Habibi, wuri ya cika, mai shago ma ya yarda ya cika. Amma ya ce kada mu ƙara dawowa, mu da danginmu." Mu ne dangin.

Abin da aka rasa: Juma'ar abokina, fatar ganga ɗaya, hular Alhaji, murfin filas, da ɗaurin atamfar Alhaji, wanda ya koma wani siton tun daga ranar.