Matan da Na Kasa Rabawa Biyu

Na haura arba'in kafin na shiga makarantar koyon aikin lafiya. Firamare ma a ajin manya na yi ta, da yamma, bayan na tashi daga sayar da doya a kasuwar Lafia. Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai a shekarar ƙarshe, ban tsaya shawara da kowa ba. Gudawar yara na ɗauka. Ita ta kashe mini ɗana na biyu yana rarrafe, a lokacin da babu wanda ya taɓa yi mini zancen ruwan gishiri da sukari. Abu ɗaya nake so in sani: da a ce wata ta zo ta zaunar da ni ta koya mini, da yaron nan ya rayu?

Malamin da aka ba shi duba aikina, na girme shi nesa ba kusa ba. Mama yake kira na.

"Mama, rukuni biyu za ki yi. Ki koya wa waɗannan, ki bar waɗancan. A ƙarshe ki gwada ki ga inda yara suka fi samun sauƙi."

Na ce, "In bar su, su yi yaya?"

Ya ce, "Na ɗan lokaci ne. In kin gama sai ki koya musu."

Raina bai so ba, amma na bi. Na tafi wani ƙauye a bayan Agyaragu, farkon damina, lokacin da rafinsu ya koma kamar kunu. Na bi gida gida ina tambayar iyaye mata yadda cikin yaransu yake, da abin da suke yi in ya tsinke. Sannan na raba garin da hanyar da ta ratsa shi: matan gefen coci zan koya wa, matan gefen rafi su jira.

Zaman farko lafiya lau. A gindin mangwaro na nuna musu yadda ake tafasa ruwa, a auna gishiri da sukari, a riƙa ba yaro kaɗan kaɗan ko yana amai. Zama na biyu ina sauka daga babur na tarar da matan gefen rafi sun riga kowa shimfiɗa tabarma, kowacce da goyo. Wata tsohuwa mai sanda ta tare ni.

"Likita, yaranmu na wancan gefe ba sa zawo ne? Ko dutse muka haifa?"

Aka kwashe da dariya, ban da ita. Na fara bayanin cewa tsarin bincike ne, sai mai unguwa ya aiko a kira ni. Ya ce, "Madam, garin nan ko akuya aka yanka sai kowane gida ya ga nama. Baƙo ba ya kawo abu ya ba rabin gari. In ba zai isa kowa ba, ki koma da kayanki."

Ashe ma aikin banza nake. Waɗanda na koya wa sun riga sun kai labarin bakin rafi, har da gwada awon gishirin a tafin hannu. Na dawo na gaya wa malamina. Ya dafe kai ya ce to, a yi rukuni ɗaya, a gwada su kafin koyarwa da bayanta, amma in sani aikin ya rage ƙarfi. Ban fahimce shi ba. Ni daɗi ma na ji.

Na yi ta zuwa har ruwa ya ɗauke. Da kaka na sake bin gidajen da tambayoyina. Gudawa ta ragu, raguwar da kowa ya shaida. Mata suna ɗaga mini yara in ga kumatu. A motar dawowa Lafia na yi kuka, na ce na sami amsata.

Ranar kare bincike, wata malama mai gilashi ce ta fara. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaushe kika yi tambayar farko?"

"Farkon damina."

"Ta biyun fa?"

"Da kaka."

"Ko ba ki je garin ba, gudawa ba ta raguwa in ruwa ya ɗauke? Kuma ga sabon abinci ya shigo. Akwai wani abin da ya canja a garin?"

Ni ba na ƙarya. Na ce wani ɗan takara ya haƙa musu rijiyar burtsatse ana tsakar damina.

"Duk matan da kika fara da su kin same su a ƙarshe?"

Ban same su duka ba. Akwai wata yarinya mai haihuwar fari, ba ta taɓa fashin zuwa ba, a gaba take zama. Ɗanta ya rasu cikin watan da ruwa ya fi yawa, ta koma gidan iyayenta. Ba ta cikin zagaye na biyu. Yaron da ya mutu bai shiga lissafina ba.

Na ce, "Malama, da na raba su, da sun kore ni daga garin. Kuma ke za ki iya kallon uwa ki ce mata ta jira?"

Ta ce, "Ban ce kin yi laifi ba, Mama. Na ce ba ki da abin da za ki gwada da shi."

Sun ba ni maki na wuce. Aka sa na ƙara a babin ƙarshe cewa ba za a iya tabbatar da koyarwar ce ta kawo sauƙin ba. Mai buga takardu a bakin titi ya buga mini layin yana cin gyaɗa.

A baranda na tare malamina. Na ce, "Ka bar turancin nan, ka gaya mini. Ya yi aiki ko bai yi ba?"

Ya ce, "Mai yiwuwa, Mama."

Bayan haka aka tura ni wani ƙaramin asibiti wajen Azuba. Duk ranar awo ina tara mata in koya musu, kuma wadda ta yi mini wasa da awon gishiri tana jin bakina. Ina koyarwa da ƙarfina. Amma in wata ta tambaye ni ko wannan ruwan kaɗai zai tsayar mata da ɗa, sai in ce ta ba shi, ta kuma goyo shi ta kawo mini da wuri. Iyakar abin da na sani ke nan.