Hedimasta da Sanƙon Ƙoƙo

Har gobe ban manta da ranar da 'yan aji huɗu suka kusa jawo mini canjin wurin aiki ba. Ina koyarwa a wata firamare a Roni, kuma duk ranar Alhamis nakan nuna musu tsofaffin wasannin barkwanci na talabijin a wayata, irin waɗanda muka kalla muna yara. Da bikin ƙarshen zango ya matso, na ce su tsara nasu wasan. Gyaran jarrabawa ya sha mini kai, ban leƙa gwajin wasan nasu ba.

Babban baƙonmu shi ne sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Ku sababbin malamai ku sani, da sa hannunsa ake tura malami ƙauyen da ko ɗan acaɓa ba ya son zuwa, kuma kalma ɗaya daga hedimasta ta isa.

Ranar bikin, sai ga Habu, ɗan ƙaramin yaro, ya fito da babbar riga tana jan ƙasa. Ya cire hula, ashe ƙoƙo ya kifa a kai, yana ƙyalli. Ya sosa ƙoƙon, ya yi gyaran murya, ya ce, "Zan taƙaita." Ya yi ta zuba, sauran yaran suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya wai rana ta kashe su. Innalillahi! Hedimastanmu ne sak, har tafiyar. Sakatare ya yi dariya har da hawaye.

Ana tashi Hedimasta ya kira mu ofis, ni da Habu, fuska a murtuke.

"Kai, wa ya sa ka? Malam Sani?" Ya nuna ni.

Habu ya durƙusa. "Babu kowa, Malam. A talabijin mun ga wanda kowa ke so shi ake kwaikwayo. Sai muka ɗaga hannu, kai ka ci."

Hedimasta ya sosa sanƙon gaske. "To shi Malam Sani fa?"

"Ba wanda ya ɗaga masa, Malam."

Ya dube ni da tausayi. "Malam Sani, sai ka ƙara ƙoƙari."

Na tsira da kujerata, amma wallahi abin ya ci mini rai. A aikin nan yara sun fi kallonmu fiye da sauraronmu. Idan shekara ta ƙare babu yaron da ya kwaikwayi tafiyarka, malam, ka binciki kanka.